Inda Ƙwararrun Likitocin Amurka Suke Kafa Aiki: Masu Digirin MD da Masu Digirin DO

A ƙasar Amurka hanyoyi biyu ne ke kai mutum ga zama cikakken likita, wato wanda hukuma ta ba lasisin duba marasa lafiya da rubuta magani da yin tiyata, kuma kowace hanya tana da makarantunta da jarrabawarta da haruffan da ake rubutawa bayan sunan wanda ya bi ta. Ta farko, wadda mafi yawan likitocin ƙasar suka bi, ita ce ke ba da digirin MD, kuma ita ake kira alofati, sunan da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya laƙaba wa likitancin zamaninsa bayan ya yi hannun riga da shi a farkon ƙarni na 19. Ta biyu tana ba da digirin DO, ana kiranta ostiyofati, kuma abin da ya bambanta karatunta a yau shi ne ƙarin darasi na kimanin sa'o'i 200 a kan amfani da hannu wajen gano ciwo da motsa gaɓoɓi da sassauta tsoka, tare da jarrabawar lasisi ta daban mai suna COMLEX a madadin USMLE da masu MD ke rubutawa. Tambayar da masu tsara harkar lafiya a can suka daɗe suna yi ita ce ko waɗannan rukunoni biyu, bayan sun ƙware a wani fanni na likitanci, wuri ɗaya suke nufa su kafa aiki, ko kuwa ɗayansu ya fi ɗaya kusantar ƙananan garuruwa da karkara.

Tambayar ba ta shafi ingancin aiki ba. Likita mai DO a Amurka yana da cikakken lasisi a dukkan jihohi 50, abin da ya raba shi da mai sana'ar ostiyofati a Ingila da wasu ƙasashen Turai, wanda aikinsa ya tsaya ga gyaran gaɓoɓi da hannu, ba ya rubuta magani kuma ba ya tiyata. Wani bincike da mujallar Annals of Internal Medicine ta buga a 2023 ya bi diddigin kwanciyar asibiti fiye da 300,000 ta tsofaffi masu inshorar gwamnati ta Medicare, bai kuma sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda masu MD suka kula da su da waɗanda masu DO suka kula da su, ko ta fuskar mace-mace ko ta sake komawa asibiti. Likitan fadar shugaban ƙasa a ƙarshen wa'adin Donald Trump na farko, Sean Conley, mai DO ne, haka ma Kevin O'Connor da ya yi wa Joe Biden aiki. Masu DO kimanin kashi 11 cikin 100 ne na likitocin ƙasar, amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a yanzu a makarantun ostiyofati suke, don haka duk inda wannan rukuni ya karkata, taswirar likitocin ƙasar za ta bi shi cikin shekaru masu zuwa.

Abin da ya ba tambayar nauyi shi ne rashin daidaito wajen rabon likitoci. Kusan kashi 20 cikin 100 na Amurkawa a karkara suke zaune, alhali likitocin da ke aiki a can ba su wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba, kuma giɓin ya fi faɗi idan aka koma kan ƙwararru, wato waɗanda suka keɓe kansu ga fanni guda kamar zuciya ko ciwon daji ko ƙwaƙwalwa ko haihuwa. Fiye da rabin gundumomin karkara ba su da asibitin da ke karɓar haihuwa, kuma asibitocin karkara sama da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya tun daga 2010. A cikin wannan hali ne ƙungiyoyin ostiyofati ke yawan cewa likitocinsu su ne ke zuwa inda wasu ba sa zuwa. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma dalilanta ba su ne waɗanda aka fi ambata ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tushen wannan lamari yana cikin tarihin yadda ostiyofati ta rayu. Wanda ya kafa ta, Andrew Taylor Still, likitan karkara ne ɗan mai wa'azi, wanda cutar sanƙarau ta kashe masa 'ya'ya uku a 1864, abin da ya sa ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa, ya kuma fito da ra'ayinsa a 1874 cewa lafiyar jiki tana rataye da daidaituwar ƙashi da tsoka da gudanar jini. Makarantarsa ta farko ya buɗe ta a 1892 a Kirksville, wani ƙaramin gari a arewacin jihar Misuri, sauran makarantun da suka daɗe kuma suka tashi a Des Moines da Filadelfiya da Shikago da Kansas City. Rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya sake fasalin karatun likita a Amurka ya kuma jawo rufe makarantu da dama, ya ɗaure likitancin MD da manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa na birane, ya bar ostiyofati a gefe. Shekaru da yawa bayan haka Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ci gaba da kallon masu DO a matsayin 'yan bidi'a, asibitoci da yawa suka hana su izinin kwantar da marasa lafiya, sai suka gina nasu ƙananan asibitoci, suka kuma kama aikin likitan kowa da kowa a unguwannin ma'aikata da ƙananan garuruwa, inda gasa ba ta da zafi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masu MD suka yi tururuwa zuwa fannonin ƙwarewa, wannan gurbi ya ƙara faɗaɗa, masu DO kuma suka zauna cikinsa.

A 1962 sana'ar ta sha da ƙyar. A jihar Kalifoniya, wadda a lokacin take cikin manyan cibiyoyinta, an ƙulla yarjejeniyar haɗewa da masu MD, likitocin DO kimanin 2,000 suka biya dala 65 suka karɓi digirin MD, makarantarsu ta Los Anjalas kuma ta rikiɗe ta zama ta alofati, daga baya ta shiga Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine, aka kuma daina ba sababbin masu DO lasisi a jihar har sai da Kotun Ƙolin jihar ta soke hanin a 1974. Makarantu biyar kacal suka rage. Farfaɗowar da ta biyo baya ta zo ne galibi daga majalisun jihohin da ke kukan ƙarancin likitocin iyali, waɗanda suka ga cewa makarantar ostiyofati hanya ce mai sauƙin kuɗi ta samun likitan da zai zauna a gida. Ta haka Mishigan ta sami tata a 1969 a ƙarƙashin jami'ar jiha, Oklahoma da Birjiniya ta Yamma suka samu a 1972, ta biyun a ƙaramin garin Lewisburg, Ohayo ta samu a 1975 a garin Athens da ke gefen tsaunukan Afalashiya, jihar Maine kuma ta samu a 1978, wadda har yau ita kaɗai ce makarantar likita mai mazauni a jihar. Daga baya aka buɗe wasu a tsakiyar yankin tsaunukan, kamar ta Pikeville a Kentaki a 1997 da ta Harrogate a Tenesi a 2007, sannan a 2020 Jami'ar Jihar Oklahoma ta buɗe reshe a Tahlequah tare da haɗin gwiwar al'ummar Cherokee, wanda shi ne na farko irinsa a ƙasar wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka. Wanda ya duba inda masu DO suka fi yawa a yau, a Fensilbaniya da Mishigan da Ohayo da Oklahoma da Ayowa da Maine da Birjiniya ta Yamma, taswirar waɗannan makarantu yake kallo.

Alƙaluman da aka fi dogara da su sun fito ne daga wani bincike na cibiyar nazarin lafiyar karkara ta Jami'ar Washinton, wanda Frederick Chen da abokan aikinsa suka buga a mujallar Academic Medicine a 2010. Sun ɗauki likitocin da suka kammala makaranta daga 1988 zuwa 1997, suka duba inda suke aiki a 2005, suka tarar kashi 11 cikin 100 na dukkansu a karkara suke, amma a cikin masu DO adadin ya kai kashi 18 cikin 100, makarantar Lewisburg kuma ita ce kan gaba wajen yawan kason ɗalibanta da suka zauna a karkara. Wannan bambanci ne na gaske. Sai dai adadin nan na kashi 18 yana nufin cewa fiye da huɗu cikin kowane masu DO biyar a birni ko kewayen birni suke, kamar takwarorinsu. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin likitocin iyali, ko wane digiri suke riƙe da shi, kashi 23 cikin 100 ne ke karkara, kuma waɗanda suka yi horon ƙwarewa a karkara sun ninka sauran fiye da sau uku wajen yiwuwar zama a can. Tun da fiye da rabin masu DO a matakin farko na kula da lafiya suke aiki, wato likitancin iyali da na cututtukan manya da na yara, babban ɓangare na fifikon da suke da shi a karkara ya samo asali ne daga irin fannin da suka shiga.

A nan ne batun ƙwararru ya rabu da batun likitoci gaba ɗaya, domin ƙwararre ba shi da 'yancin zaɓi irin na likitan iyali. Kowane fanni yana buƙatar wani adadi na jama'a kafin ya iya ciyar da mai shi. Likitan iyali yana iya cika ranarsa da mutane dubu biyu ko uku, likitan tiyata na gama-gari yana buƙatar ninkin haka sau da dama, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa sai yanki mai dubun-dubatar mutane masu yawa, tare da ɗakin kulawa ta musamman da na'urorin hoto da ma'aikatan jinya da suka san aikin. Lamarin kamar na kasuwa ne, inda mai gishiri ke samun ciniki a kowane ƙauye, amma maƙerin zinariya sai babban birni. Masana tattalin arziki na cibiyar RAND, Joseph Newhouse da abokansa, sun nuna a 1982 cewa yayin da yawan ƙwararru ke ƙaruwa suna bazuwa zuwa garuruwan da suka fi ƙanƙanta, amma bisa tsari, manyan fannoni su riga ƙanana, kuma kowane fanni yana da girman garin da ba ya sauka ƙasa da shi. Wannan ƙa'ida ba ta san MD ko DO ba, kuma likitan dashen ƙoda, ko daga wace makaranta ya fito, a cibiyar dashe zai yi aiki.

Ana ganin nauyin wannan a ƙananan asibitocin karkara da dokar 1997 ta ba matsayi na musamman, waɗanda ba sa wuce gadaje 25 kuma galibi suna da nisan fiye da mil 35 daga asibiti mafi kusa, yawansu kuma ya haura 1,300. A irin wannan asibiti likitan tiyata na gama-gari shi ne ginshiƙi: da safe yana cire matsarmama ko gyara ƙaba, da rana yana leƙa hanji da na'ura don neman alamun ciwon daji, da dare kuma ana iya tashinsa don wanda mota ta kife da shi ko wanda injin gona ya kama, ya tsayar da jini kafin jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa birni. Idan shi kaɗai ne a garin, wayarsa ba ta hutawa kowane dare, idan su biyu ne sai su riƙa karɓa-karɓa, alhali takwaransa a rukunin likitoci goma a birni sau ɗaya yake kwanan aiki a kwana goma. Wannan lissafi na kwanan aiki yana cikin manyan dalilan da ke hana matasan ƙwararru karɓar aikin karkara ko da albashin ya fi na birni, kuma idan likitan tiyatan ya yi ritaya ba a sami madadinsa ba, sashen haihuwa yakan bi shi, tun da babu mai yin tiyatar gaggawa idan naƙuda ta gagara.

Inda digiri yake da tasiri a kan ƙwararru shi ne a ƙofar shiga fanni. Bayan shekaru huɗu na makaranta, kowane sabon likita yana neman gurbin horon ƙwarewa a asibiti, wanda ke ɗaukar shekara uku a likitancin iyali, biyar a tiyatar gama-gari, bakwai a tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma rabon guraben yana gudana ne ta wani tsarin haɗa masu nema da asibitoci da ake bayyana sakamakonsa a watan Maris na kowace shekara. A wannan rabo masu DO suna da kaso mai tsoka a likitancin gaggawa da fannin farfaɗo da gaɓoɓi da lafiyar ƙwaƙwalwa da aikin sa barci don tiyata, amma kasonsu ƙarami ne ƙwarai a tiyatar ƙwaƙwalwa da tiyatar gyaran jiki da cututtukan fata da na kunne, hanci da maƙogwaro, inda shugabannin horo ke fifita masu tarin rubuce-rubucen bincike da wasiƙun shaida daga manyan farfesoshi, abubuwan da makarantar da ba ta da babban asibitin koyarwa nata ba ta iya samar wa ɗalibanta cikin sauƙi. Fannonin da masu DO suka fi shiga su ne kuma waɗanda ƙaramin asibiti ke buƙata, domin ko asibiti mai gadaje 25 yana da sashen gaggawa da ke aiki dare da rana. Saboda haka idan aka ga ƙwararru masu DO sun fi bazuwa zuwa garuruwa matsakaita, ba lallai ne a danganta hakan da wata falsafa ta ostiyofati ba, tun da rabon fannoni ya riga ya tace su tun kafin su yi tunanin inda za su zauna.

Abu na biyu da ke yanke hukunci shi ne wurin da aka yi horon. Rahotannin Ƙungiyar Makarantun Likitanci ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan rabin likitoci suna aiki a jihar da suka yi horon ƙwarewa, idan kuma a jiha ɗaya suka yi makaranta da horo adadin yakan kai kusan kashi biyu cikin uku. Dalilin a fili yake, domin shekarun horo su ne shekarun da mutum ke aure da haihuwa da sayen gida, kuma asibitin da ya horar da shi ko wani na kusa shi ne ke fara yi masa tayin aiki. Guraben horon kuwa sun taru a manyan birane, musamman na arewa maso gabas, kuma abin da ake yi a karkara bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Inshorar Medicare ce ke biyan kaso mafi girma na kuɗin horon, dokar daidaita kasafi ta 1997 kuma ta daskarar da yawan guraben da take biya wa kowane asibiti a kan matakin 1996, abin da ya kulle tsohuwar taswira shekaru fiye da ashirin, duk da cewa jama'a sun yi ta ƙaura zuwa kudu da yamma.

Har zuwa kwanan baya masu DO suna da nasu tsarin horo a ƙarƙashin Ƙungiyar Ostiyofati ta Amurka, mafi yawansa a asibitocin al'umma na Mishigan da Ohayo da Fensilbaniya da makamantansu, inda akwai ƙananan shirye-shiryen tiyatar ƙashi da na ido da na fata da aka keɓe musu su kaɗai, ko da yake da yawansu tun a lokacin suna shiga horon ɓangaren MD. A 2014 aka amince a haɗe tsarin biyu a ƙarƙashin hukumar tantancewa guda, ACGME, aka fara aikin a 2015 aka kammala a tsakiyar 2020. Haɗewar ta buɗe wa masu DO ƙofofin da a da suke rufe, musamman na ƙarin horon zurfafa ƙwarewa, amma ta zo da asara, domin wasu daga cikin ƙananan shirye-shiryen tiyata ba su iya cika sharuɗɗan sabuwar hukumar ba suka rufe, waɗanda suka tsira kuma yanzu masu MD ma suna neman gurabensu. Idan gaskiya ne cewa wurin horo ke jan likita, to duk lokacin da ƙwararre mai DO ya yi horonsa a babban asibitin jami'a tare da masu MD, abin da ya fi dacewa a yi tsammani shi ne ya bi sawunsu wajen zaɓen mazauni.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa sirrin ba ya cikin haruffan digiri ita ce makarantun MD da suka sa karkara a gaba sun sami sakamako irin na makarantun ostiyofati. Kwalejin Jefferson da ke Filadelfiya ta fara wani shiri a 1974 na ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara kuma suka nuna niyyar komawa, kuma binciken Howard Rabinowitz ya nuna cewa duk da ɗaliban shirin kashi 1 cikin 100 ne kawai na waɗanda makarantun MD na jihar Fensilbaniya suka yaye, su ne kashi 21 cikin 100 na likitocin iyali a karkarar jihar da suka fito daga waɗannan makarantu. Jami'ar Washinton tun farkon shekarun 1970 take rarraba ɗalibanta zuwa ƙananan garuruwan Alaska da Montana da Idaho, daga baya har da Wyoming, reshen Jami'ar Minesota da ke Duluth kuma yana cikin na gaba-gaba a binciken 2010 da aka ambata. Abin da waɗannan suka yi da gangan, makarantun ostiyofati da yawa sun same shi ne ta hanyar wurin da aka gina su da irin ɗaliban da ke nemansu, da kuma yadda suke tura ɗalibai koyon aiki a asibitocin al'umma saboda rashin nasu asibitin.

Akwai wasu dalilai da ke aiki a kan rukunonin biyu ba bambanci. Bashin karatu yana da nauyi, kuma ya fi nauyi a kan masu DO tun da mafi yawan makarantunsu masu zaman kansu ne, abin da ke iya tura mutum fanni mai tsoka ko kuma shirin yafe bashi na gwamnati irin na Rundunar Hidimar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta fi mayar da hankali ga matakin farko fiye da ƙwararru. Aikin miji ko mata yana da tasiri sosai, musamman da yake likitoci da yawa likitoci ko wasu masu ilimi mai zurfi suke aura, kuma ƙaramin gari ba kasafai yake da gurbin mutum biyu ba. Sannan likitan yau ma'aikaci ne fiye da mai kansa, domin zuwa 2020 waɗanda ke aiki a asibitin da likitoci suka mallaka sun faɗi ƙasa da rabi, don haka sau da yawa kamfanin asibitoci ne ke yanke shawarar garin da za a ajiye likitan zuciya.

Kwatanta MD da DO kaɗai yakan ɓoye rukuni na uku, wato likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na likitocin Amurka kuma ana lissafa su a ɓangaren alofati, ciki har da 'yan Nijeriya da Gana da Sudan masu digirin likita daga jami'o'in gida. Wanda ya yi horo da bizar J-1 doka ta wajabta masa komawa ƙasarsa shekara biyu, amma wani shiri da Sanata Kent Conrad na Dakota ta Arewa ya assasa a 1994 yana ba kowace jiha damar ɗage wannan sharaɗi ga likitoci har 30 a shekara, muddin sun yarda su yi aikin shekara uku a yankin da ke da ƙarancin likitoci. Ta wannan hanya garuruwa da yawa suka sami likitan ƙoda ko na jijiyoyi da ba za su samu ba, kuma duk binciken da ya haɗa waɗannan da masu MD 'yan makarantun Amurka a kwando ɗaya yana gurɓata kwatancin, tun da zaɓinsu biza ce ta tsara shi.

Ƙidayar kanta tana da matsala. Bayanan da ake amfani da su adireshi ɗaya suke ba kowane likita, alhali a jihohi irin su Ayowa ƙwararru da yawa da ke zaune a birni suna zagaya asibitocin karkara rana ɗaya a mako ko a wata, wasu kuma suna aikin cike gurbi na ɗan lokaci. Ma'anar karkara ma tana sauyawa daga bincike zuwa bincike, wani ya auna da gunduma, wani da yawan masu zirga-zirga zuwa birni don aiki, ta yadda gari ɗaya kan zama karkara a wannan lissafi ya zama birni a wancan. Duba marasa lafiya ta bidiyo ya ƙara sassauta alaƙar da ke tsakanin mazaunin likita da mazaunin majiyyaci, musamman a lafiyar ƙwaƙwalwa da karatun hoton asibiti, shirin ECHO da Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003 kuma ya nuna cewa ƙwararre a birni yana iya koya wa likitocin karkara kula da ciwon hanta nau'in C ba tare da ya bar ofishinsa ba. Amma ba a karɓar haihuwa ta bidiyo, ba a kuma ɗinke hanji ta waya.

Makarantun ostiyofati yanzu sun haura 40, wasu da rassa a garuruwa da dama, wasu kuma na neman riba ne, kamar Rocky Vista da ke kusa da Denver, kuma ɗaliban da ke cika su sun fito daga ko'ina cikin ƙasar, da yawansu 'yan birni ne da suka nemi makarantun MD da na DO a lokaci guda. Buɗe makaranta a ƙaramin gari ba ya tabbatar da komai idan ɗalibin zai bar jihar a shekara ta biyar don neman horo, kuma jihar da ta zuba kuɗi a makaranta ba ta tanadi guraben horo ba, wasu jihohi take yi wa noma. A dokar kasafi da aka sa wa hannu a Disamban 2020 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da ƙarin guraben horo 1,000 da Medicare za ta biya, 200 a kowace shekara daga 2023, tare da sharaɗin a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 ga asibitocin karkara da waɗanda doka ke ɗauka a matsayin na karkara. A zagayen farko na rabon kaɗan ne daga cikin guraben suka isa asibitocin da a zahiri suke karkara, mafi yawa suka tafi asibitocin birane.